Haihuwar da Yafendo Ta Ƙi Ƙirgawa

A takardar da aka ba mu a ofishin gwamnati an rubuta *agent recenseur* da Faransanci, amma wa zai karya harshensa a unguwarmu? Fulani suka ce limoowo, wato mai ƙirge. Hausawa masu mutunci suka ce malamin ƙidaya. Mahautan kasuwar Garwa kuwa, abokan marigayi babana, sai suka laƙaba min "mai ƙirga mutane kamar shanu". Ni dai malamin ƙidaya nake so, don akwai malam a ciki. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, a 1976, ga jaka a kafaɗa, ga biro biyu a aljihu. Kai, na ji kaina!

Mushe Philippe, wato Malam Philippe a bakin Faransawa, shugaban rukuninmu, mutumin garin Kaele ne. Ya ce, "Lukmanu, kai ɗan unguwa ne, za a bar ka ka shiga cikin gida. Tambayar haihuwa, matar za ka yi wa da kanta. Mazan nan ba su san komai ba."

Rana ta huɗu, da hantsi, zafi kamar a bakin murhu, na isa gidan Malam Wada dillalin shanu. Matarsa Iyatu ƙanwar mahaifiyata Hajjo ce, Yafendo muke ce mata. Gaskiya ban so shiga ba. Matar nan tun ina yaro ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. In na gaishe ta, bango take amsa wa. Na daɗe da yanke cewa ba ta ƙaunata, ni ma na bar ta da halinta.

Na same ta tana tsince shinkafa, mijinta na zaune a inuwar dalbejiya. Na gaishe su, na buɗe takarda, na gyara murya irin ta ma'aikata.

"Yafendo, haihuwa nawa kika yi?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Yafendo, aikin gwamnati ne fa, gida arba'in ke jirana. To, faɗo su ɗaya bayan ɗaya."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ta biyu Salamatu. Na uku Dauda."

"Tsaya. Salamatu ai ita ce babba."

"Ta biyu ce."

Raina ya fara ɓaci. Na san 'ya'yan gidan nan su shida, tare muka tashi. Na ce, "To na farin ɓarin ciki ne, ko ya zo ya koma? Akwai gurbin waɗanda suka rasu, bari in sa shi can."

Ina ɗora biro sai faifan ya suɓuce mata, shinkafa ta watse a ƙasa.

"Subhanallahi! Kada ka rubuta! Yana raye, wallahi yana raye! Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

Ban taɓa jin muryarta ta tashi haka ba. Na ce, "To yana ina? Waye sunansa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya min baya. A nan ne wani abu ya tsarga min. Wace uwa ce ke ƙin ambaton sunan ɗanta, ta ƙi kallonsa? Kowa ya sani, kunyar ɗan fari ce. Na juya wajen Malam Wada.

Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Ranar da aka yaye ka muka kai ka wa Hajjo. Shekararta tara da aure, Allah bai ba ta ba. 'Yar'uwarta ta ce ba za ta iya kallon kukanta ba."

Innalillahi. Ni da na zo ƙirga mutane, ashe ban san gidan da na fito ba. Ban san yadda na rubuta bakwai ba, ban san yadda na fita ba. Wani mahauci ya tsokane ni a hanya, ko jinsa ban yi ba. Haushi nake ji, kuma ban san wanda zan ji wa ba, duk unguwa ta sani sai ni.

Gidanmu sai jibi ya kamata in kai, amma ƙafata can ta nufa. Hajjo na damun fura. Tana ganina ta washe baki.

"Lukmanu na! Malamin ƙidaya, yau mu za a ƙirga? Zauna ka sha tukuna."

Ban zauna ba. Na buɗe takarda.

"Hajjo, haihuwa nawa kika yi?"

Ludayin ya tsaya. Ta dubi fuskata, ta dubi takardar.

"Daga gidan Iyatu kake?"

"Daga can nake."

Ta goge hannunta da bakin zane, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"To rubuta babu. Kada ka yi wa mutane ƙarya saboda ni."

Na rubuta. Sifili ɗaya ne tak, amma sai da biro ya huda takardar. Hawaye ya zubo min, ni ƙato da jakar gwamnati.

Ta ce, "Babu wata tambaya kuma? Ba su ce wa ya goya, wa ya yi jinyar ƙyanda ba?"

Na duba layin har ƙarshe, alhali na san abin da ke ciki.

"Ba su tambaya ba, Hajjo."

Ta gyaɗa kai. Sai ta tura min ƙwaryar furar, kanta a sunkuye, ba ta kira sunana ba, ta ce a hankali, "Malam, a sha ruwa kafin a wuce."