Kamun Ƙafar Malam Datti

Malam Datti tela ne, kuma duk Unguwar Shanu babu mai koya masa yadda ake horar da mai sana'a. Ɗan koyo da sa maɓalli yake farawa, daga nan a ba shi kayan yara, domin ko ya ɓata, yadin ba shi da yawa. Sai hannunsa ya faɗa sannan a miƙa masa babbar riga. Haka aka yi masa, haka yake yi wa na ƙasa da shi, kuma bai ga dalilin da zai sa asibiti ya bambanta da shago ba.

Shi ya sa zancen 'yarsa Nafisat yake hana shi sakat. Shekara shida ta yi a jami'a, ta yi shekarar sanin makamar aiki, ta yi bautar ƙasa, ta sake shafe wasu shekarun tana koyon tiyata, yau jarrabawa a Legas, gobe a Ibadan. Yaran da aka haifa lokacin da ta fara karatun yanzu da ƙafarsu suke kawo ɗinkin sallah. Amma in aka tambaye shi aikinta, sai ya yi ƙasa da murya ya ce likitar tiyatar yara ce. Yaran ma har da jarirai.

Ya taɓa tambayarta yaushe za a fara ba ta manya. Ta yi dariya ta ce ai ba haka abin yake ba, shi kuwa ya ɗauka dariyar rufin asiri ce. Matarsa Uwani ta ce ya bar yarinya da aikinta, bai ji ba, don ya riga ya gano inda matsalar take. Kaduna garin ma'aikata ne. Abokan karatunta 'ya'yan daraktoci ne, ita kuwa ubanta keken ɗinki kawai ya mallaka, babu wanda zai ɗaga waya dominta. Wannan tunani yana yi masa ciwo ƙwarai, yana ganin shi ne ya ja mata.

Sai ya ƙudura zai je kamun ƙafa. Wani masinjan asibitin su Nafisat da yake kawo masa ɗinki ya ce babban kowa a ɓangaren tiyata shi ne Farfesa Bawa. Da aka tambaye shi awon Farfesan, masinjan ya nuna kansa ya ce a dai haɗa irinsa biyu. Malam Datti ya yanko shadda mai kyau, ya ɗinka babbar riga da hannunsa, ya naɗe ta, ya hau keke napep ba tare da ya gaya wa kowa ba.

A ofishin Farfesa ya cire takalmi, duk da an ce ya bar su. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali da gajiya, ya ajiye rigar a kan tebur, sannan ya faɗi ko shi uban wane ne.

"Ranka ya daɗe, ni ba kowa ba ne," in ji shi. "Amma yarinyar nan tana da hannu. A taimaka a gwada ta da babba ko ɗaya ne. In ba a samu mai yarda ba, ga ni."

Tari ya sarƙe Farfesa, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Da ya samu kansa, bai yi dogon bayani ba, ya ce Malam ya sa takalminsa ya biyo shi.

Suka tsaya a bakin tagar ɗakin jarirai. Farfesa ya nuna wata jaririya a cikin akwatin gilashi, ƙirjinta bai fi tafin hannu ba, an manna mata 'yar filasta a gefe. Ya ce haka aka haife ta, hanyar abincinta ba ta haɗu da cikinta ba, ko nono ba ya wucewa.

"Jikata ce, Malam," in ji Farfesa. "Shekara talatin ina yi wa manya aiki, amma wannan ba hurumina ba ne. A bakin ƙofa na tsaya kamar kowane kaka, ina jiran 'yarka ta fito ta gaya mini."

Malam Datti ya kasa ɗauke ido daga filastar. Shi yana ba ɗan koyo kayan yara ne don in an ɓata a yanko wani yadin. A nan babu wani yadin. Ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ga kunya ga alfahari.

Ana haka Nafisat ta fito da koren kayan tiyata, ta yi turus.

"Baba, lafiya? Me ya faru?"

"Ƙarin girma ya zo nema miki," in ji Farfesa. "Yana so mu mayar da ke wajen manya."

"Na fasa, ranka ya daɗe," in ji Malam Datti da sauri. "A bar ta a nan."

Ya sake leƙa akwatin, yana auna kafaɗar jaririyar da ido. Ya ce in Allah ya kai mu suna, rigarta shi zai ɗinka da kansa, ba zai ba yaran shago ba.