Galan Biyu Marasa Takarda

Tun kafin ya mallaki garejin kansa ake kiransa Hanci. Ba girman hancin ne ya jawo masa sunan ba, aikinsa ne. In aka kawo mota, kafin ya ɗauki sifana sai ya tsoma yatsa cikin mai ya shinshina, ya ce wannan ya ƙone, wannan ruwa ya shiga, wannan kuwa ba nasa aka zuba masa ba. Da wuya ya faɗi abu a same shi ba haka ba. Shi ya sa masu motocin gudu, waɗanda ba sa bari kowa ya taɓa musu kaya, suke yin layi a ƙofarsa.

Shi ya sa kuma galan-galan ɗinsa ba su da takarda. Mai sayar da mai yakan yi masa oda daga nesa, a juye masa cikin tsofaffin galan farare, ya jera a kan kanta. In aka ce ya rubuta musu suna sai ya ce uwa ba ta rataya wa 'ya'yanta allo a wuya. Akwai wata hikimar da ba ya faɗa: duk bakaniken da ya leƙo don ya ga wane mai Hanci ke zubawa, yadda ya zo haka zai koma.

A farkon shekara wata mura ta kwantar da shi. Da za ta tafi ta tafi da ƙanshi da wari gaba ɗaya. Ya jira su dawo, shiru. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Ya ci gaba da kai yatsa hanci a gaban masu mota kamar yadda suka saba gani, amma da ido yake karanta launi, da yatsa yake jin kauri. Galan-galan kuwa ya san mazaunin kowanne a kan kanta, sai ya dogara da wannan.

Wata rana ba ya nan aka yi ruwa mai ƙarfi, rufin kwano ya yi yoyo daidai saman kantar. Maƙwabcinsa mai walda, da yake akwai makulli a hannunsa, ya shiga ya kwashe galan-galan ya jibge su a lungu. Da safe ya tsaya yana jiran godiya, Hanci ya yi masa. Yawancinsu ya gane su da launi: ja na otomatik, kore na lagireto, na inji kuma kaurinsa ba ya ɓuya. Biyu ne suka rage, dukansu ruwan zuma, kaurinsu kusan ɗaya.

Bai gama dubansu ba ya ji kukan injin da ya sani tun daga bakin titi. Ƙanin matarsa ne, likitan haƙori, da jar motarsa mai jan taya huɗu, wadda ya fi kula da ita a kan ɗakin kwanansa. Ya faka a kan ramin gyaran mota, ya fito yana kaɗa makulli.

"Mijin Yaya, ina kwana? Yau ma ba a yi maka aski ba? Wallahi kana zubar mana da aji a dangi."

"Lafiya lau, Auta. Ka je ka gama cire wa mutane haƙora, ka bar mini kaina."

"Gobe da safe muke tseren hawan tudu. Ka canja mini man giyabos da na wancan ɗan akwatin."

"Tiransifa."

"Shi. Ni har yau ban san amfaninsa ba, ban da cin mai."

"Shi ke raba ƙarfin inji, ya ba tayoyin gaba nasu, ya ba na baya nasu. Ba don shi ba da tun bara kana cikin kwazazzabo."

"To mai ɗaya ba ya isar su? Dukansu haƙoran ƙarfe ne ke juyawa. Ni haƙori sana'ata ce."

Hanci ya sha yi masa wannan bayani, ya sake. Haƙoran tiransifa gugar juna suke yi da ƙarfi, saboda haka mansa akwai farar wuta a ciki da yawa, ita ke hana ƙarfe cin ƙarfe, ita ce kuma ke sa shi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Giyabos kuwa akwai zobban tagulla a ciki, su ke sa giya ta shiga ba ƙara. In aka zuba musu mai wari, santsi ya yi musu yawa su kasa riƙewa, in ya yi zafi kuma ya dinga cin tagullar. Direba zai nemi giya ta uku a kan kwana ya ji gurrr, mota ta ƙi karɓa. In kuma aka juya, aka ba tiransifa man giyabos, zai fara kuka, ya ƙone a tsakiyar gudu.

Yana bayanin idonsa na kan galan biyun, ɗaya na giyabos ɗaya na tiransifa, bai san wanne ne wanne ba. Yin sabuwar oda sai mako mai zuwa. Da wari kuwa ko yaro zai iya rarrabe su, amma ba a san Hanci da miƙa wa wani galan ya ce shinshina mini ba.

Ya shiga rami ya kwance notin zubawa tukuna, kamar yadda ya saba, don kada a zubar da tsohon mai sannan a tarar na sama ya ƙi kwantuwa. Sannan ya kwance na ƙasa, na giyabos da na tiransifa. Tsohon mai ya tsiyaye cikin tasa, ya goge ƙurar ƙarfen da ta manne a maganaɗisun notin. Ya fito ya buɗe galan biyun. Ya ɗiga kowanne a kan farin tayil ya karkata, suka gangara kafaɗa da kafaɗa. Ya murza a yatsu, ya ɗaga su cikin hasken ƙofa. Babu abin da ya ƙaru da shi.

Sai wata dabara ta zo masa.

"Auta, zo in gwada ka. Shekara nawa kana zuwa nan, bari mu ga ko ka koyi wani abu. Wanne ne na tiransifa?"

Likita ya sunkuya ya ja numfashi a bakin na farko, ya ja a na biyu, ya ja da baya yana toshe hanci.

"Dukansu warin rigarka suke yi. Ban san yadda Yaya ke haƙuri ba."

"Ka dai nuna ɗaya."

"A'a, ka daɗe kana neman abin da za ka yi mini dariya a gaban 'yan uwa. Ni da nake wuni cikin warin magani, hancina ya mutu tuni. Kai ne Hanci, ka yi aikinka." Wayarsa ta yi ƙara, ya fita bakin ƙofa yana yi wa wani bayanin kumburin dasashi.

Hanci ya tsaya shi kaɗai. Galan na hagu murfinsa ya fi tsabta, shi kuwa yana ganin kamar na giyabos ne ya fi sabunta. Ya kai shi hanci don sabo, ya ji iska kawai. Ya ɗauka, ya saka bakin famfon hannu, ya koma rami. Ya yi ta bugawa cikin giyabos har mai ya fara leƙowa daga kafar zubawa, wani ya gangaro masa ta hannun riga har gwiwar hannu. Ya ɗaure noti. Tiransifa na nan a buɗe, yana ɗiga sauran tsohon mai.

Da rana ta take matarsa ta shigo da kular abinci. A makarantar reno ta bayan layi take aiki, in an tashi yara takan biyo. Ta ajiye kular a kan benci, ta amsa gaisuwar ƙaninta da cewa ya rage gudu ko don albarkacin 'ya'yansa, sannan ta matso bakin rami. Hanci ya miƙo hannu ya karɓi ruwa. Ta ɗan yamutsa fuska.

"Maigida, yau kuma tiransifa aka fara cikawa? Wannan rigar kada ka haɗa mini ita da sauran wanki. Sai na jiƙa ta kwana guda kafin warin ƙwan nan ya fita."

Ya dubi hannun rigar. Jiƙar sabuwa ce, mai tsabta, daga famfon da ya gama bugawa cikin giyabos.

Likita na bakin ƙofa ya juya baya, yana dariya da wayar. Ita ta durƙusa kamar mai gyara takalmi, ta rage murya.

"Wanne ka zuba wa?"

Ya ɗaga kai ya dubi giyabos.

"Na san ba ka jin wari tun ranar da tukunya ta ƙone kana zaune a falo kana kallon ƙwallo. Da can tun daga ƙofar gida kake gaya mini na cika albasa. Na yi shiru ne ina jira ka faɗa da bakinka. Amma wannan da zai hau tudun gobe ɗan uwana ne, ni na goya shi."

Ta miƙe ta je ta buɗe kular, ta fara zuba abinci a faranti kamar ba ta ce komai ba.

Hanci ya ajiye ruwan a bakin ramin. Yana iya cewa Likita ya tafi ya dawo da yamma, ya gyara a ɓoye. Amma giyabos na bukatar ɗauraya da man kirki kafin a cika shi, abin da ke cikin ɗaya galan ɗin kuwa da kyar zai isa, kuma ko da ya isa, wannan motar ba ita ce ta ƙarshe da za ta hau ramin ba. Ya jawo tasa, ya sa sifana a notin da ya ɗaure ɗazu, ya kwance. Sabon mai ya zubo, ruwan zuma, ko baƙi bai yi ba.

Likita ya dawo ya leƙa.

"Kai! Ba yanzu ka zuba wannan ba?"

"Na tiransifa na zuba wa giyabos."

"Kai ɗin?"

"Ba na jin wari, Auta. Tun murar nan. Ko fetur ka zuba mini a gemu ba zan sani ba."

Likita ya buɗe baki, da alama wata tsokanar ce ta zo, ya dubi yayarsa, ya rufe. Ya sosa ƙeya.

"Wato gwajin ɗazu..."

"Ba gwaji ba ne."

"Da ka faɗa ai da na shinshina da gaske." Ya ɗauko galan biyun ya ajiye a kan benci, ya ja numfashi a kowanne a natse, ya yi tari. "Wannan na hagu kam ko gawa ta ji shi sai ta tashi. Yaya, zo ki tabbatar, ke ce mai wanke shi."

Ta zo ta shinshina, ta nuna na hagu da haɓa, ta koma wurin faranti.

Hanci ya bar giyabos ya tsane sosai. Ya buga masa kaɗan daga galan na dama, ya ɗaga motar a kan jak, ya sa Likita ya tayar da inji ya zagaya giyoyi a hankali, ya zubar da wannan, sannan ya cika. Ya wanke famfon kafin ya koma kan tiransifa da mai wari. Da ya gama, galan na dama sai da aka kifa shi aka jira ɗigon ƙarshe. Suka zagaya layin tare, Likita na tuƙi, Hanci ya karkata kai yana sauraro. Giya ta biyu da ta uku suka shiga sumul, ba kuka daga ƙasa.

Da suka dawo Likita ya ce akwai abokinsa likitan hanci da maƙogwaro, wani lokacin abin yakan dawo, wani lokacin ba ya dawowa. Hanci ya ce zai je.

"To kafin nan wane suna za mu kira ka? Kunne?"

"Ka kira ni mijin yayarka, ka kuma rage gudu a kwana."

Bayan motar ta fita ya leƙa wurin mai walda ya aro gwangwanin jan fenti da ɗan buroshi. Mai walda ya biyo shi ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga ya zauna a kan benci da galan a cinya, yana rubuta TIRANSIFA da manyan baƙaƙe.

"Ashe yau uwa ta rataya wa 'ya'yanta allo?"

"Sun girma," in ji Hanci. Ya ajiye wannan ya bushe, ya ce wa matarsa ta miƙo masa na gaba, ta kuma gaya masa warin da yake yi.