Fitilar Mai Kemis

Tun da mai kemis ya kafa farar fitila a goshin shagonsa, direban motar ma'aikata ya tsani kwanar nan. Mutanen layin kuwa sai sa albarka suke yi, wai an haska musu wurin tsallakawa. Ba wanda ya tambayi mai riƙe da sitiyari.

Da magariba yake dawo da ma'aikatan kamfani gida, rana ta tafi, dare bai zauna ba. Yana shan kwana sai hasken ya doke shi a ido, duk abin da ke bayan fitilar ya koma baƙi ƙirin. Da ƙuruciya, ƙiftawa ɗaya ta isa ido ya washe. Yanzu furfura ta ci gemu, ido ya koyi nawa. Sai ya riƙa rarrafawa a wurin, ma'aikata na tsokanarsa, wai Baba ne ke gyangyaɗi ko motar. Ya gaji da ba su amsa.

Ran nan ya taka birki, amma sai da gaban motar ya taɓa mutum. Ya sauko da sauri. Matar ƙaninsa ce, mai ɗinki, zaune a kan kwalta, zare da almakashi sun watse. Ba ta karye ba, gwiwar hannu ce ta kuje.

"Yaya, ai na gan ka sarai," in ji ta. "Ga haske kamar rana, na ɗauka kai ma ka gan ni."

Wautar da ke cinye mutane a titi ke nan: don kana ganin mota, sai ka ɗauka direba na ganinka.

Washegari ya roƙi mai kemis ya sunkuyar da fitilar ƙasa. Mai kemis ya ce tun da ya sa ta ɓarawo bai sake leƙo shi ba, in kuma idon Baba ne ya gaza, ga maganin ɗigawa nan a shagon. Daga nan direban ya wuce wurin manajan kamfani, ya nemi a bar masa jigilar safe, ta yamma a ba mai sabon ido. Manaja ya ce ba a raba aikin biyu. Direban ya daɗe yana juya makullin motar a hannu, sannan ya ajiye shi a kan tebur.

Yanzu da magariba a kan benci ake samunsa, gefen kwanar. In ya ga mai shirin tsallakawa, sai ya ce, "Dakata, ɗana. Bai gan ka ba."