Tsirkiya Huɗu a Bayan Bango

Tela tana tsakiyar ɗinka wuyan riga sai alluran da ke cikin faranti suka fara rawa. Ta ɗage ƙafa daga kan keke. Wani sauti mai kauri ne yake ratso bango a hankali, kamar mutum yana magana cikin barci.

Shekara goma sha biyu ke nan shagonta na jingine da ɗakin wani tsohon makaɗi, ta kuma san jitarsa: siririyar murya gare ta, mai tsalle-tsalle. Wannan ba ita ba ce.

Ta leƙa, ta same shi bakin gado, rungume da wata doguwar jita mai tsirkiya huɗu, kowace kamar igiyar shanya.

"Baba Mai Jita, amarya aka yi ba gayyata?"

"Bes ake ce mata. Koyo nake."

"Da furfurarka?"

"Shekara arba'in ina gaba, 'yata, ina danne muryar mutane. Ita wannan daga ƙasa take tallafe mai waƙa."

Ya danna rakoda. Muryar marigayiya matarsa ta fito daga tsohon kaset, tana rera waƙa tana wanke-wanke, har ƙarar kwanuka ana ji.

"Ta sha roƙona in yi mata kiɗa," ya ce. "Kullum sai in ce mata gobe."

Daga ranar, duk la'asar sai kaset ya tashi, bes na bin sa a baya. Yatsun tsohon sun kumbura, sai ya yi tuntuɓe a tsakiya ya koma farko. Tari ya kama shi. Kwanon abincin da Tela ke kai masa ya fara dawowa rabi, daga baya ko buɗe shi ba a yi.

Wata Litinin bai yi tuntuɓe ba. Tela ta lumshe ido, almakashi a hannu. Ji ta yi kamar bangon ya narke, tana tsaye a wani kicin da ba ta taɓa shiga ba, rana na kwance kan kumfar sabulu, mace na waƙa, mijinta na biye da ita taku-taku har ƙarshe.

"Kin ji?" ya tambaya ta bayan bango.

"Na ji, Baba."

Washegari kaset ya tashi shi kaɗai, ya ƙare shi kaɗai, babu bes a bayansa. Da ta shiga, ya jingina da bango, kansa ya ɗan karkace, hannunsa ya fara sanyi.

Bayan kwana bakwai da rasuwarsa 'yarsa ta shigo shagon ɗauke da bes.

"Yaya, ki ɗinka mata riga. Tafiyata da nisa, kar ta karce."

Tela ta tsayar da bes ɗin kan kujerar masu jira, ta zare tef daga wuyanta. Ta auna kafaɗa, ta auna ƙugu. Da ta zo dogon wuyan, inda katakon ya koɗe wuri huɗu saboda gogar yatsun tsohon, ta daɗe ba ta rubuta komai ba.