Rabon Allura

"Kaltume, fito nan!"

Daga bakin ƙofa na kira ta, ban shiga ba. Tana zaune a tabarma a ɗakin Mama Scholastica, almakashi a hannu, ƙyallaye sun kewaye ta. Ta ɗago ta ce, "Umma, layi ɗaya fa ya rage." Na ce ko zare ɗaya ne ta ajiye ta fito.

Mama Scholastica maƙwabciyarmu ce a gidan hayar da muke a Samaru, ƙofarta na kallon tamu. Shekara arba'in ta yi tana ɗinki a kasuwar Sabon Gari, sai da ƙafafunta suka kumbura ɗanta Chiedozie ya dawo da ita wurinsa. Ta zo da keken ɗinkinta da buhu biyu na ragowar yadi.

Lissafi ne ya haɗa ta da 'yata. Kaltume tana aji uku, malamarsu ta rubuto cewa in aka juya siffa ƙasa ba ta gane ta. Na sauke mata manhaja a wayata, wadda ake jan siffofi da yatsa a haɗa, in an yi daidai tauraro ya fito. A waya taurari ba iyaka, a makaranta kuwa shiru. Wata rana Mama ta leƙa wayar ta ce, "Ba ni yarinyar kwana biyu." Ta ɗauki ƙyalle mai kusurwa huɗu, ta ninke shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta yanka.

"Kusurwa nawa yanzu?"

"Uku. Alwatika ce."

"Juya ta ƙasa. An sake mata suna?"

Kaltume ta yi dariya ta ce a'a. Daga nan Mama ta yanka mata ma'auni da kwalin sukari, Kaltume tana ɗorawa a yadi tana zanawa tana yankawa, Mama tana haɗa alwatika biyu-biyu su zama murabba'i. A hankali abin ya zama ƙaton mayafi. Ni ma na ji daɗi, don jarrabawar da ta biyo baya tara ta ci cikin goma.

Amma da safiyar ranar da na kira ta, ina bakin famfo na ji Mama tana ce wa Chiedozie, "Wannan za ka shimfiɗa a kan akwatina. Duk matan da na yi wa ɗinki suna ciki, su za su raka ni." Wato wata uku 'yata tana yanka abin rufe akwatin gawa, ban sani ba.

Shekarar Kaltume takwas. Ina da tara lokacin da na ga gawar kakata, na kuwa shekara ban iya shiga ɗaki ni kaɗai ba. Na ce ba za a yi wa tawa haka ba. Na miƙa mata wayar na ce ta koma kan taurarinta.

Kwana shida bayan nan Mama ta ƙwala mini kira. "Maman Kaltume, zo ki zura mini zare." Na same ta jingine da filo biyu, ta rame, almakashi na gefenta.

"Kin kwashe mini ma'aikaciya."

"Mama, yarinya ce."

"Ni za ki gaya wa? Wa ya auna ta ya ɗinka mata kayan Sallah?"

"Na ji abin da kika ce wa Chiedozie."

"Kunnenki ya fi tef ɗina tsawo." Ta yi tari, ta huta. "In kin hana ba zan yi fushi ba, 'yarki ce. Amma motar ɗaukar gawa za ta zo ƙofar gida, ko kin rufe taga za ta ji. Gara ta ji a bakinki da ta ji a bakin yaran layi."

Na zura mata zaren na fito.

A ɗaki na tarar da Kaltume tana tura wani abu ƙarƙashin katifa. Na ɗaga. Alwatika ashirin da huɗu, an yanka su daga tsohuwar rigar makarantarta. Da yake kwalin ma'auni yana ɗakin Mama, sai ta ɗora takarda a fuskar wayar, ta zana siffar da ke ciki, ta yanka daidai kan layi. Kwana shida ke nan tana yi a ɓoye.

Na zauna a bakin gado. Na ce mata Mama ba ta da lafiya, irin ciwon da ba a cika tashi ba, kuma mayafin nan da shi za a rufe akwatinta. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ta shiga jera ƙyallayen a cinyarta, idonta ya cika. Can ta ce, "To Umma, ai sai mu yi sauri."

Tare muka shiga. Mama ta ɗauki guda, ta ɗora a kan kwalinta, sai ga kwali ya leƙo ta kowane gefe. Ta yi dariya har tarin ya dawo.

"Ina rabon allura, 'yata?"

"Haka yake a waya, Mama."

"A waya gefe da gefe suke taɓa juna kawai, ba mai ɗinke su. Yadi kuwa sai allura ta ci faɗin yatsa ta kowane gefe. Shi ya sa kwalina ya fi girma."

Kaltume ta fara kuka, ta ce za ta sake yankawa. Mama ta ce babu mai sakewa, da su za a ƙarasa. Ƙafarta ba ta iya taka keke, ni na hau, tana ba ni umarni daga kan gado kamar mai koyon ranar farko. "Sannu-sannu, Maman Kaltume, ba Keke Napep kike tuƙawa ba."

Da na gama haɗawa, layin ƙarshe ya gaza sauran. Mama ta miƙa wa Kaltume tef.

"Nawa ya rage?"

"Inci bakwai."

"Sai ki yanka nawa?"

Ta ɗan tsaya. "Takwas. Rabi nan, rabi can."

Mama ta lumshe ido ta ce, "Ga tauraronki." Daga zanin zumuntar matan cocinsu aka yanko abin cikon. Ranar Alhamis da la'asar muka gama.

Asabar da hantsi ina shanya, Chiedozie ya fito ya tsaya a tsakar gida babu takalmi. "Maman Kaltume," ya ce, "Mama ta tafi." Na yi salati, na ajiye bokitin, na je na gaya wa 'yata da bakina.

A Zariya Mama ta ce a binne ta. Bayan kwana goma motar ta tsaya a ƙofar gidanmu kafin su wuce coci a Sabon Gari. Ban rufe taga ba. Na riƙe hannun Kaltume muka tsaya a bakin ƙofa tare da sauran matan gidan. An buɗe bayan motar, mayafin a shimfiɗe, atamfa da shadda da leshi, can wajen ƙafa kuma ƙananan alwatika shuɗaye na rigar makaranta. Gefen ya ɗan zamo, Chiedozie ya gyara shi, aka rufe.

Da yamma ya kawo wa Kaltume kwalin sukarin, gefensa duk ya yi laushi. Ina tsince shinkafa, ita kuma tana tabarma, ta ɗora shi a kan wani ƙyalle, ta danne da tafin hannu, tana bin gefensa da alli a hankali.