Duwatsun Inna Tabawa

Furera na durƙushe a tsakar gidan maƙwabciyarta Inna Tabawa, tana jera duwatsu a kan tabarma don su sha rana, sai ta ji amalanke ta tsaya a ƙofar gida. Isufu ne, mijin Furera, ya dawo da tsohuwar daga likita. Tabawa ta shigo tana dafa bango, ƙafafunta a kumbure, ta zo bakin tabarmar ta tsaya.

Duwatsun sun yi fes. Tun da safe Furera ke wankinsu da sabulu da soso, ta ware manya gefe guda, ƙanana gefe guda.

"Sannu da dawowa, Inna. Kin ga aikina? Yanzu ko gaban gwamna aka kai su ba mu jin kunya."

Tabawa ta dubi tabarmar, ta dubi ƙofar ɗakinta.

"Ina tsummokaran?"

"Waɗanda ɓera ya yi ma fitsari? Na sa masu wuta tare da shara."

"Duka?"

"Duka, Inna. Wari suke."

Tsohuwar ta zauna a kan turmin da ke kife, a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu ya zube a cikinta. 

"To," ta ce. "Ɗebo mini ruwa in sha."

Shekara goma sha ɗaya Tabawa ta yi tana ɗaukar dutse a ka, zamanin da ake jera duwatsu a kan fako da gindin tuddai a yankin Kaita, don a tare ruwan sama ƙasa ta farfaɗo. Matan garinsu Garhanga su ne ƙarfin aikin, maza sun tafi cirani. A cikin duwatsun takan gamu da waɗanda ba su yi kama da dutse ba: wani kamar katantanwa, wani kamar haƙori mai tsini, wani mulmulalle da zanen tauraro a bayansa. Sai ta ƙulle a bakin zane ta zo da shi gida. Mata suna dariya, wasu suna cewa kayan aljannu take kwaso wa kanta. Aiki ya ƙare, ita ba ta bari ba. Ko biki aka je Tama ko Galma, sai an neme ta an same ta bayan gari, kanta a sunkuye.

Makonni biyu da suka wuce wani mutum ya zo a kan moto, wato babur, Mushe Abdurrahman (haka ake kiran malaman boko a nan), ma'aikacin wani ƙaramin gidan ajiye kayan halitta da kimiyya a birnin Tawa, wanda 'yan lakwal, wato makarantar boko, ke kira mize. Ya kwance ƙulli biyu na duwatsun Tabawa ya duba. Ya ce nan da suke zaune teku ne a da can, wannan haƙorin kifi ne, wancan wata halittar ruwa ce da ta koma dutse. Ya ce Asabar ɗin ƙarshen wata suna da ranar iyalai, iyaye na kawo yaransu, ana taɓa kaya da hannu, ana tambaya. Yana son ta zo ta zauna da duwatsunta ta gaya wa yara inda ta samo kowane.

"Ni da ban taɓa taka lakwal ba, ni za ni yi ma ɗiyan lakwal karatu?" in ji Tabawa, tana rufe baki da gefen mayafi. Amma a ranar ta aika a wanke mata zanenta na salla.

Furera ta bayan katanga ta jiyo zancen, tana daka. Ta ji Tawa, ta ji taron mutane. Ba ta ji inda ya ce a bar ƙullin yadda suke ba, sai ya dawo da kaye da biki, wato littafi da alƙalami, ya rubuta.

Da Tabawa ta sha ruwan, ta miƙa mata moɗar.

"Ɗiyata, kowane tsumma wuri ne. Mai shuɗi Tudun Kuraye. Ja, Kwazarin Maƙera. Bakwai suke. Mushe ya ce dutsen da ba a san inda anka tsince shi ba, ba shi gaya ma kowa komi."

Furera ta fashe da kuka. Da a ce tsohuwar ta zage ta, da ta fi samun sauƙi.

"Inna, ki gafarta mini. Wallahi gyara na so in yi."

"Na sani. Bar kuka, kina jiƙa mini su, ga shi kin riga kin jiƙa su sau ɗaya. Kwashe su a kwano. Gobe mu fara."

Haka suka fara. Kowace safiya in Furera ta gama aikin gidanta, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta jingina tsohuwar da matashi, ta aje babban kwanon a tsakaninsu. Ta bi maƙwabta da telan bakin kasuwa ta roƙo ƙyallaye kala bakwai. Idon Tabawa ya yi rauni, da yatsu take gani. Takan ɗauki dutse ta murza, ta juya, wani lokaci ta taɓa shi da harshe.

"Wanga na Kwazarin Maƙera ne. Ran da na tsince shi kunama ta harbi abokiyar aikina Salima, munka goyo ta har gari, tana zagin kakannin kunamar."

Furera ta sa shi a jan ƙyalle.

"Wanga Tama, bayan garkar albasa. Sunan ɗan Maimunatu munka je. Tuwon bai ji gishiri ba."

Furera ba ta iya rubutu, sai ta riƙe a ka. In sun tashi, tsohuwar takan gwada ta.

"Mai ɗorawa fa?"

"Galma."

"Ƙarya kike, sarauniyar sabulu. Galma kore ne. Sake."

Ranar farko sun ware da yawa, har Furera ta ce da Isufu kwana huɗu za su gama. Amma numfashin Tabawa ya fara gajarta. Ƙwayoyin likita ba su rage kumburin ba, ya hau har gwiwa. Abin da suke warewa kafin azahar ya koma goma, ya koma biyar. Wani dutsen takan riƙe shi har barci ya ɗauke ta, in ta farka ta ce, "Ina munka tsaya?"

Ana cikin kaka, jakuna na wucewa ta ƙofar gida da dammunan hatsi. Isufu ya leƙo wata rana da la'asar, ya tarar tsohuwar na barci, kwanon da saura.

"Ke kam kina wahalshe ta," ya ce a hankali. "Raba sauran cikin ƙullin nan mana. Dutse dai dutse ne. Wa za shi sani?"

Da ya fita, Furera ta cika hannu daga kwanon, ta kai shi bisa shuɗin ƙyalle. Ta dubi fuskar Tabawa, bakinta a ɗan buɗe, ƙuda na yawo a gefen mayafinta. Ta tsaya haka har hannunta ya gaji. Sannan ta mai da su cikin kwanon ɗaya bayan ɗaya, don kada su yi ƙara.

Ranar Talata da hantsi Tabawa ta ƙi kunu, amma ta ce a fito da ita. Ta ware biyu. Ta ɗauki na uku, wani ɗan fari mai layi-layi kamar an tsefe shi, ta murza.

"Wanga... akwai wata bagaruwa wurin. Rabi'u na bayana, shina zazzaɓi."

Rabi'u shi ne ɗanta tilo, yana Abijan shekara shida.

"Ina ne, Inna?"

"Shina bakina. Bari in huta kaɗan."

Furera ta jira. Kaza ta zo tana tsattsagar gefen tabarma, ta kore ta. Da ta waiwayo sai ta ga leɓunan tsohuwar na motsi, ta kai kunne, ta ji kalmar shahada ce. Ta tallabo kanta, ta riƙa yi tare da ita har muryar ta rage tata ita kaɗai. Ta shafa mata idanu, ta ja mayafi ta rufe ta, sannan ta je bakin katanga ta kira Isufu da sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidansa.

Kafin la'asar an kai ta. Rabi'u ya kira a wayar Isufu, ba a jin komai sai shessheƙa da ƙarar motocin wani gari.

Ranar Alhamis Mushe Abdurrahman ya iso da kayensa kamar yadda ya yi alkawari, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, ana sadakar uku. Ya kashe moto tun daga nesa ya turo shi da hannu. Bayan an shafa fatiha, Isufu ya shigo da shi zaure, Furera ta fito da ƙullin bakwai. Ta gaya masa abin da ta yi, ba ta rage komai ba. Sannan ta kwance su ɗaya ɗaya tana faɗin wuri, yana rubutawa, har da kunamar Salima da tuwon da bai ji gishiri ba.

Ya dubi kwanon. Sauran ba su fi cikin tafi biyu ba.

"Waɗannan sai a bar su gida," ya ce.

"A'a, Mushe. Su ma nata ne. A tahi da su."

"To ki taho da su da kanki. Ba wanda ya san zancen nan yanzu sai ke."

Ta dubi Isufu. Ya sunkuyar da kai. "Ni za ni kai ta," ya ce.

Ranar Asabar farfajiyar mize ta cika. An kafa rumfuna. A wata yara na layi suna leƙa ƙafar ƙuda ta cikin wani madubi suna ihu, a wata ana nuna masu ƙasusuwan wata dabba da suka fi tsawon mutum. Iyaye mata na bin su da goyo da gorunan ruwa. An aje Furera bayan wani tabur a ƙarƙashin itacen dogon yaro, ƙyallayen bakwai a shimfiɗe, kowane da 'yar takarda, kwanon a can ƙarshe ba takarda.

Da farko nuni kawai take yi da hannu. Sai wani yaro ya ɗaga haƙorin kifi ya ce ƙarya ne, a Garhanga ko tafki babu na kirki, ta ji kanta tana ce masa, "Kai ka je Tudun Kuraye? To zauna ka ji." Daga nan bakinta ya buɗe.

Wajen azahar mutane sun ragu. Wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta zo riƙe da yatsan babanta. Ta wuce ƙyallayen duka, ta sa hannu a kwanon, ta ɗauko ɗan farin mai layi-layi.

"Inna, wanga daga ina?"

Sunayen bakwai duk suna kan harshen Furera. Mushe yana can wata rumfa, ba ya ji.

"Ban sani ba, ɗiyata," ta ce. "Wadda ta sani ta rasu ran Talata."

Uban ya ce Allah shi jiƙanta, ya ja hannun yarinyar su tafi. Ita ko ta tsaya, dutsen a dunƙule cikin tafinta, tana kallon Furera. Sai da ya sake kiranta sannan ta zagayo bayan tabur, ta buɗe hannun Furera ta sa mata shi, ta ruga.

Dutsen da ɗuminsa. Furera ta rufe hannunta a kai, ta aje bisa cinya.