Littafin da Ya Ƙare Ranar Biki

Gershon ne ya kawo littafin, kuma ba don Allah ya kawo shi ba. Tun da kwamitin aure na cocinsu a Kafanchan ya ce ba za a ɗaura aurensa da Rachael ba, saboda ita sikila ce, shi kuma gwaji ya nuna yana ɗauke da rabin ciwon a jininsa, bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Ya yi magiya, ya yi azumi, ya jawo ayoyi. Da duk suka ƙi ci, sai ya ɗauko wani ƙaton littafin soyayya na Turanci da ƙanwarsa ta ba shi labarinsa. Ya ce ta karanta tukuna, in ta gama ta faɗa masa ko za ta bi shi ofishin rajistar aure a ɗaura ba da coci ba.

Rachael malamar sakandare ce, ba ta raina takarda. Kuma tana son Gershon, wannan ko maƙiyinta ya sani. Da aka ba da hutun Kirsimeti sai ta tafi da littafin gida Fadan Kagoma, ta zauna a gindin mangwaro tana karatu, mahaifiyarta Mama Afiniki na gefe tana tsaga citta tana shanyawa.

Labarin wata budurwa ce daga zuriyar masu shan jinin mutane, da wani saurayi wanda danginsa ke rikiɗa su koma kyarkeci duk sa'ad da wata ya cika. Dattawan gidajen biyu sun ce jinin ba ya haɗuwa, duk ɗan da aka haifa wahala zai sha. Budurwar kuwa kullum a koɗe take, kullum jikinta sanyi, ba ta rayuwa sai da jinin wani. Nan Rachael ta gano inda Gershon ya dosa. Wato ita ce. Ta yi dariya har sai da ƙirjinta ya ɗaure.

Dariyar ba ta daɗe ba tsaki ya karɓe ta. Yarinyar littafin cizo kawai take yi, ta goge baki, ta koma tunanin saurayi, ko sannu babu. Rachael kuwa ta san mai kowace ledar jini da aka taɓa rataya mata a asibiti. Akwai matan zumunta na coci, akwai wani direban tasha da bai ma san sunanta ba a lokacin, akwai malamin lissafin da ya suma bayan an ɗiba. Duk shekara sai ta bi su gida gida da ƙullin acca ta gaishe su. Rabin garin nan na yawo a jikinta, kuma ba ta taɓa jin kunyar haka ba. Da jinin nan ta gama kwaleji, da shi take tsayuwa gaban allo.

Sai kuma gogan naku, kyarkeci. Wai duk wata ƙasusuwansa ke kakkarye in zai rikiɗa, amma gari na wayewa sai ya miƙe garau, gashi a kwance, yana murmushi. Rachael ta san ciwon ƙashi kamar yadda ta san yunwar cikinta. Ta ce wa Mama wanda ƙashinsa ya yi ciwon gaske ba ya tashi neman budurwa washegari, mai riƙe masa kofi yake nema.

Duk da haka ta daure, don ɗan da za su haifa take jira. Tana so ta ga yadda za a yi da shi. Ta bi su daji, ta bi su faɗace-faɗace da rantse-rantse, har aka kai ranar biki. Aka sha rawa, dattawa suka ji kunya, amarya ta rungume ango. Rachael ta juya shafi, sai ga tallan wani littafin.

Ta girgiza littafin ko wasu shafuka sun maƙale. Babu. Ranta ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran wanda aka ja shi da zance har bakin kogi aka gudu da kwalekwale.

"Ya ƙare a wurin biki?" in ji Mama Afiniki, ba ta ko ɗaga kai daga cittar ba. "To wanda ya rubuta wannan bai taɓa goya yaro zuwa asibiti ba."

Ranar Asabar da la'asar Gershon ya iso a kan babur, ya sha rigarsa ta zuwa coci. Ya durƙusa ya gaida Mama, ta amsa, ta kwashi tirenta ta shige ciki. Rachael ta miƙa masa littafin ta ce ta gama. Ya tambaya ko ta ga yadda ƙauna ta fi ƙarfin jini. Ta ce ta ga biki dai, ba ta ga yaro ba.

Gershon ba wawa ba ne, ya zo da shirinsa. Ya ce ba kowane ɗa ne zai fito da ciwon ba. Ya ce ko ya fito da shi, ai ga ta nan.

"Dubi kanki, Rachael. Kina koyarwa, kin fi masu lafiya ƙarfin zuciya. Za ki ce da ma Baba da Mama ba su haife ki ba?"

"Ban taɓa faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba," ta ce. "Ina son raina, na kuma yi aiki a kansa. Amma bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina firamare ciwon ya taɓa kama ni, har na ciji hannun Mama. Da ya lafa na tambaye ta, Mama, kun san haka zai zama kuka haife ni? Ta dube ni ta ce, ba mu sani ba, 'yata, lokacinmu ba a gwaji. Wannan amsa ce ta sa ban taɓa riƙe su a zuciya ba."

Gershon ya sunkuyar da kai.

"Ni na sani, Gershon. Kai ma ka sani. In namu ya tambaya, me za mu ce masa?"

Ya daɗe yana murza makullin babur a hannunsa. Daga baya ya share ido da bayan hannu, ya ce ta gaida Mama, ba zai iya shiga sallama ba.

Rachael ta raka shi har bakin hanya kamar yadda ta saba, kanta a sama, tana gaisawa da masu dawowa daga gona. Zuciyarta kamar ta tsage, amma ta san ta yi daidai, kuma tana alfahari da hakan. Sai da ƙarar babur ta ɓace sannan ta koma gida, ta zauna a ƙasa kusa da Mama, ta ɗora kai a cinyarta ta yi kukanta.